Bindigar ƙanena ta fashe a wajen ɗaurin aure: ɗuri ne ya yi yawa, ko ƙarfen ne ya ci amana?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman waɗanda suka san harkar bindiga su raba mana wata gardama da ta hana gidanmu sakat tun ranar Asabar. Ƙanena yana cikin samarin da ake gayyata su buga bindigar toka a wajen biki. An ɗaura auren abokinsa bayan Azahar, ya buga ta farko lafiya, ta biyu lafiya, a ta uku bututun ya tsage ta wajen gindi, daidai inda hannun hagu yake riƙewa. Yatsu biyu sun tafi, babban yatsa kuma ana ta fama. Alhamdu lillahi ido bai taɓu ba, kuma ba wanda ɓarɓashin ƙarfen ya samu a cikin jama'a.

Babanmu ya ce maƙeri ne ya cuce shi da ruɓaɓɓen ƙarfe. Abokansa sun ce hannu aka sa masa, don ya fi kowa farin jini a wajen buki. Ni kuma wani yaro ya tsegunta mini cewa ninka ɗuri ya yi don ƙararsa ta danne ta samarin wata unguwa da su ma aka gayyata. To shin ɗuri yana da iyaka ne? Wa ya yanke iyakar, kuma da me ake gane an kai ta?

Maman Iman:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Baba Maharbi:
Yaro, Allah ya ba ƙanenka lafiya. Jikana ne yake rubuta mini wannan, ni bakina kawai nake ba shi. Shekarata arba'in da wani abu ina shiga daji da bindiga, tun muna zuwa wajen Falgore a ƙafa, kuma yatsuna goma suna nan cif. Ba asiri ba ne ya tsare su. Kowace bindiga da cikinta, kamar yadda kowane mutum yake da nasa. Wanda ya koya mini harbi ya ba ni ma'auni guda, ya ce wannan na wannan bindigar ne, ranar da ka ƙara a kai ranar ka raba gari da hannunka. Har na tsufa ban ƙara ba. Yaran yanzu da tafin hannu suke zuba albarushi, ido ne ma'auninsu, ga kiɗa na tashi, ga 'yan mata na guɗa. A nan ne ake cin kasuwar ajali.

Na Fagge:
Baba da girmanka, amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun sha ganin wanda ya yi ɗuri biyu ya buga ba abin da ya same shi. Idan yawan ɗuri ne ke fasa bindiga, me ya sa tasu ba ta fashe ba?

Injiniya Sharaɗa:
Na Fagge, tambayarka ita ce ainihin maganar, kuma amsarta ce ke yaudarar mutane. Bari in ɗan ja zancen, a yi mini haƙuri.

Abin da ke tura harsashi ba wuta ba ce, hayaƙi ne mai zafi da ya rasa hanyar fita. Albarushi ya ƙone cikin ƙiftawar ido, ya zama iska mai yawan gaske a cikin ɗan ƙaramin wuri, iskar ta danna ko'ina daidai wa daida: gaba, baya da bangon bututun. Abin da ya fi rauni shi zai kauce. In an yi sa'a harsashi ne ko toshiyar tsumma. In ba a yi ba, bangon ƙarfe ne.

Don ku ji girman matsin, ku tuna da mai faci. Tayar ƙaramar mota ana ba ta iska wajen 32 a ma'aunin PSI, kuma duk wanda ya taɓa ganin taya ta fashe a hannun mai faci ya san ba wasa ba ne. To harsashin farauta da ake kira .308, iyakar da aka yanke masa a Amurka ita ce PSI 62,000. Kusan ninki dubu biyu na tayar nan ke nan, a tazarar taƙi ɗaya daga fuskar mai harbi. Na .30-06 kuma 60,000. Ko bindigar harbin tsuntsu mai lamba 12, wadda ake ganin mai sauƙi ce, harsashinta na yau da kullum iyakarsa 11,500.

Lokacin da nake karatu a Amurka ina da maƙwabci dattijo mai farautar barewa, da kansa yake sake ɗura kwanson harsashinsa a gareji, don a can doka ta yarda. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda yake tsoron abin. Sikelinsa yana auna abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na giram ba. Ga littafi a gabansa da masu yin albarushin suka buga bayan sun gwada a ɗakin gwaji, an rubuta mafi ƙaranci da mafi yawa ga kowane irin albarushi da kowane nauyin harsashi. Ba ya taɓa farawa daga sama. Yakan sauko kamar kashi goma cikin ɗari ƙasa da iyaka, ya riƙa hawa kaɗan-kaɗan yana duba kwanso bayan kowane harbi. Ranar da yake wannan aiki ko rediyo ba ya kunnawa, matarsa ma ba ta kiransa cin abinci.

Yanzu amsarka, Na Fagge. Ƙarfe ba ya mantuwa. Ka ɗauki waya ka lanƙwasa, ba za ta karye a karo na farko ba, ko na biyar, amma kowane lanƙwaso yana barin rauni a ciki. Haka bututun bindiga. Wanda ka ga ya ninka ɗuri ya tsira, bashi ya ci a jikin ƙarfen. Wata rana wani ne zai biya, wataƙila ma da ɗuri na daidai, sai a ce ai bai yi komai ba, jifa ne.

Ɗan Gwale:
Injiniya Allah ya ƙara ilimi. To wa yake yanke waɗannan lambobin? Gwamnati ce?

Injiniya Sharaɗa:
A Amurka ƙungiyar masu ƙera makamai da harsasai ce, SAAMI, tun 1926, kuma kamfanoni ne suka yarda su bi don kansu. A Turai kuma akwai hukumar CIP da aka kafa a 1914, ita tata doka ce a ƙasashen da suka sa hannu: ba za a sayar da bindiga ba sai ta bi ta gidan gwaji. A can ana ɗura mata harsashi na musamman da ya fi iyaka da kashi 25 cikin ɗari in doguwar bindiga ce, a ɗaure ta a cikin ɗaki mai kauri, a buga ba tare da kowa ya riƙe ta ba. In ta jure a buga mata hatimi a jikin ƙarfe, in ta kumbura ko ta tsage ta tafi bola. Gidan gwajin da ke Birmingham a Ingila tun 1813 yake wannan aiki. Wato su ma fashewar bindiga ta ci yatsun kakanninsu kafin su zauna su yi tsari.

Jikan Maƙera:
To ni fa sai na yi magana, tunda an fara ɗora wa maƙera laifi. Gidanmu gidan ƙira ne, kodayake mu garma da lauje da ƙofa muke yi. Amma na san abin da ke faruwa. Mutum zai je Ƙofar Ruwa ya tsinto guntun bututun famfo a cikin tarkace, ya ce a yi masa da shi don ya fi araha. Bututun famfo da yawa daga faranti aka naɗe shi aka yi masa walda a tsaye, ɗinki ne da shi tun daga sama har ƙasa. An yi shi don ruwa ya bi ta ciki, ba wuta ba. In ka ga bindiga ta tsage a miƙe kamar an tsaga rake, to ɗinkin nan ne ya buɗe. Ɗan Gwale, ka duba ta ƙanenka, yaya tsagar take?

Ban ce duk maƙera salihai ba ne. Akwai wanda zai karɓi kuɗin ƙarfe mai kyau ya sa na banza ya shafa baƙin mai. Amma ko maƙerin kirki, ba shi da yadda zai ga cikin ƙarfe. Ƙwanƙwasawa yake yi ya saurari amo.

Ɗan Gwale:
Na je na duba. Ba a miƙe take ba. Wajen gindin ya kumbura kamar maciji ya haɗiyi ƙwai, sannan ya buɗe kamar ɓawon ayaba. Cikin kuma duk tsatsa ne, har yana ɓarewa.

Baba Maharbi:
To ka ji. Ni ba sai na gani ba. Tsatsar nan ta rashin wanki ce. Tokar albarushi tana jan danshi, in ka buga ka jingine bindiga a bayan ƙofa ba ka wanke ta da ruwan zafi ka busar ka shafa mai ba, damina ɗaya ta isa ta cinye ta ta ciki, waje kuwa yana ƙyalli. Samarin biki daga wannan Sallah sai wata Sallah suke tunawa da ita.

Kumburin kuma abu biyu ke kawo shi a sanina. Ko dai bai danna ɗurin ya zauna a kan albarushi ba, ya bar fili a tsakani. Ko kuma na farko bai tashi ba a cikin hayaniya, shi bai sani ba tunda kowa na bugawa, ya sake zuba wani a kai. Mu a sandar danna ɗuri muke yin zane biyu da wuƙa: ɗaya na bindiga babu komai, ɗaya na ɗuri guda. Ka zura sanda, in zanen ya tsaya sama da inda ya saba, to akwai abin da ba ka sani ba a ciki. Wannan ko kuɗi ba a kashewa.

Sannan akwai zanzaro. Kada ku yi dariya. Ya gina gidansa na laka a cikin bakin bindigar da aka rataye, na ga wanda hakan ya raba shi da ido.

Na Fagge:
Zanzaro kuma Baba? To ashe maƙiyan ma da fukafukai suke zuwa.

Sista Kurna:
Na Fagge ka bar raha. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma duk bayan Sallah da lokacin bukukuwa sai mun ga irin wannan hannun. Kusan kullum na hagu ne, don shi ke riƙe da bututu. Abin da ke ɓata mana rai shi ne sai an kwana biyu ana zuba masa magani a gida, ko a ɗaure hannun da tsumma tamau har ya yi baƙi, sannan a kawo shi, wai ana tsoron tambayar 'yan sanda. Raunin albarushi yana tura datti da tsatsa da ɓarɓashin ƙarfe can cikin nama. A danne jini da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a taho asibiti a lokacin, kuma a tabbata an yi allurar rigakafin sandarewar jiki, wato tetanus. Yatsan da za a iya cetowa da Azahar, da Asuba ya riga ya mutu.

Ɗan Gwale, ku sa a duba kunnensa ma. Da yawa sai daga baya suke gane ɗaya ya daina ji sosai.

Ɗan Gwale:
Na gode Anti. Mu kam nan take muka kai shi. Kunnen zan faɗa wa likita gobe in sha Allah.

Malamin Tarihi:
Ina so in sa baki ta wani gefe, don na ga wasu a waje suna cewa a hana buga bindiga kwata-kwata. Abin nan ba jiya ya zo Kano ba. Tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka fara kawo bindigogi daga ƙasar Nufe, kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaronsa. Sunan da Turawa ke kiran irin wannan bindiga ma, wato Dane gun, daga 'yan kasuwar ƙasar Denmak ya samo asali, waɗanda suke sayar da ita a gaɓar tekun Gana ta yau. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya ji yadda ƙasa ke girgiza ya san wannan ƙarar wani ɓangare ne na garin. Sai dai a fada akwai manya, akwai wanda zai ce wa yaro kai, ajiye. A bikin unguwa wa zai faɗa?

Auwalu Mai Shago:
Ni tambayata ga Injiniya. Na ji ana cewa wasu samarin suna farke harsashin bature su juye garin cikinsa a bindigar toka, wai ya fi ƙara kuma ba ya hayaƙi. Gaskiya ne ya fi?

Injiniya Sharaɗa:
Auwalu, don Allah duk wanda ka ji yana wannan ka riƙe hannunsa, in ya ƙi ka gaya wa ubansa. Wannan ita ce hanya mafi sauri ta mayar da bindigar toka gurneti. Garin da ke cikin harsashin zamani wani abu ne daban, ba dangin baƙin albarushi ba ne ko kaɗan. Wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ne ya fito da irinsa a 1884, kuma sai da aka sake ƙarfen bindigogi da yadda ake kulle gindinsu saboda shi. Halinsa shi ne, iya yadda aka matse shi iya yadda yake ƙara saurin ci, saurin cin kuma ya ƙara matsi, haka abin ke hawa kan kansa. Babu wani ma'auni nasa da yake lafiya a bindigar toka, komai ƙanƙantarsa. Kamfanonin da ke ƙera bindigar ɗuri ta baki da ƙarfe mai kyau a Turai da Amurka ma suna rubuta gargaɗin a jikin bututun: baƙin albarushi kaɗai. Balle bututun famfo.

Ko a cikin garin zamanin ma iri-iri ne. Akwai mai saurin ci na ƙananan bindigogi da na harbin tsuntsu, akwai mai jinkiri na dogaye. A ido kusan ɗaya suke. Maƙwabcin nan nawa gwangwani ɗaya tak yake ɗorawa a kan tebur a lokaci guda, saboda in ka zuba mai sauri a ma'aunin mai jinkiri, bindigar kamfani ma tarwatsewa take yi.

Wani abu kuma da ya shafe mu a Kano: zafi. Harsashin da ya sha rana matsinsa yana hawa. Turawan Ingila sun gane haka tun suna zuwa farauta Afirka da Indiya da garin da ake kira kodayit, har suka riƙa rage ɗurin harsasan da za a kai ƙasashe masu zafi. Harsashin .416 Rigby na 1911 an yi masa ƙaton kwanso ne don matsin ya zauna ƙasa. Ka kwatanta da watan Afrilu a nan, zafin rana ya haura digiri 40, a bar kaya a cikin mota a rufe.

Na Fagge:
To shi maƙwabcin naka me yake dubawa a jikin kwanson? Ko mu ma mu koya.

Injiniya Sharaɗa:
Yana duba ɗan maɓallin da ke gindin kwanso, in ya baje ya yi fele-fele. Yana duba ko gindin ya ɗauki tambarin ƙarfen bindiga, ko kuma makullin ya yi tauri wajen buɗewa. Amma shi da kansa ya ce mini waɗannan alamu makararru ne, sau da yawa kafin su fito ka riga ka wuce iyaka da nisa. Masu gwaji na gaskiya na'ura suke sakawa a jikin bututu, a da kuma ɗan guntun jan ƙarfe suke sawa su auna yadda matsin ya murƙushe shi. Bindigar toka kuwa ko kwanson da za ka duba ba ta da shi. Ƙara ba ma'auni ba ce, dukan kafaɗa ma ba ma'auni ba ne.

Barista Bompai:
Kafin wani ya karanta labarin maƙwabcin Injiniya ya ce shi ma zai sayi sikeli: nan ba Amurka ba ce. Dokar makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, akwai waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sannan bindigar ɗuri ta baki wadda al'amarinta ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙera bindiga ko haɗa harsashi a gida ba tare da izini ba laifi ne mai ɗauri. Aikin ƙera harsashi na masana'antar tsaro ne irin DICON da ke Kaduna tun 1964. A halin tsaron da ake ciki, in aka kama ka da tarin kwanso da gari, ba wanda zai tsaya jin cewa sha'awa ce.

Jikan Maƙera:
Barista ai a nan gizo ke saƙar. Tunda abin a ɓoye ake yinsa, wa zai kawo bindigarsa a gwada? Da a ce ƙungiyoyin mafarauta da masu unguwanni za su sa a riƙa duba na 'yan biki kafin Sallah, ko da tsatsa da tsaga kawai za a duba, da an rage.

Barista Bompai:
Ban ƙi ba, amma sai an fara da rajista. Ba za ka duba abin da mai shi ya rantse ba shi da shi ba.

Na Fagge:
Duk na ji, kuma na ƙaru. Amma ni har yanzu ina nan a kan bakana, abin da Allah ya rubuta sai ya faru. Baba da kansa ya san akwai 'yan tauri da ƙarfe ba ya kama su.

Baba Maharbi:
Ɗana, na yi zama da 'yan tauri fiye da shekarunka. Na ga wanda wuƙa ke lanƙwashewa a cikinsa a gaban jama'a, ban musa ba. Shi ɗin dai da yatsu uku aka binne shi a hannun hagu, kuma bindigarsa ce ta cire sauran. Da na tambaye shi ya ce maganin na ƙarfen abokin gaba ne, ba a haɗa da nasa ba.

Ɗan Gwale:
Yanzu na dawo daga wajen ƙanena. Na karanta masa abin da Baba ya rubuta, ya yi shiru, can ya ce a bugu na biyu bai ji ta doke shi a kafaɗa ba, amma ya ɗauka hayaniya ce ta sa, don su bakwai suka buga tare. Ya sake zubawa, kuma ya ƙara a kan yadda ya saba saboda waɗancan samarin. Ya roƙe ni kada in gaya wa Babanmu tukuna, shi har yanzu neman maƙerin yake yi.

Jikan Maƙera, akwai sauran bindigogi huɗu a wajen abokansa, kuma an gayyace su wani bikin ranar Juma'a mai zuwa. In na shawo kansu za ka duba mana cikinsu?

Jikan Maƙera:
Ni ba na taɓa bindiga, kar Barista ya sa a kwashe mu da maƙerar gaba ɗaya. Ku kai wa Baba Maharbi can gida ya leƙa, shi ya san abin da zai nema. Kuma don Allah kafin ku ɗora su a babur ku zura sanda ku tabbata babu ɗuri a ciki.

Baba Maharbi:
Ku zo bayan La'asar, ban da Alhamis. Ku taho da fitila mai haske sosai, tawa batir ya mutu.